BAYAR DA ABIN DA RAI KE SO: MAS'ALAR MOTAR DA AKA LULLUƁE DA TAMFOL

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu dukiya a matsayin aro, kuma Ya yi alkawarin tambayarmu inda muka samo ta da inda muka kashe ta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da ya jawo wannan lacca wata takarda ce da aka miƙo mana bayan karatun watan jiya, ba suna a jikinta, kuma ba mu nemi sanin mai ita ba. Mai tambayar ya ce yana da wata mota ƙirar Japan, Toyota Supra, irin ta tsere, wadda ya sayo ta hanyar Kwatano tun shekaru da dama da suka wuce. Ba ya zuwa kasuwa da ita, ba ya kai yara makaranta da ita. Tana cikin gida an lulluɓe ta da tamfol, shi da kansa yake wanke ta, kuma ko ƙanensa bai taɓa riƙe makullinta ba. Sai Allah Ya jarrabe shi da rashin lafiyar da ta kwantar da shi asibiti, inda ya ga abin da ya gani na marasa lafiyar da ake kawowa daga ƙauyuka a kan babur ko a bayan motar ɗaukar shinkafa. Da ya samu sauƙi sai ya ƙudurta zai fitar da motar nan saboda Allah. Tambayarsa ita ce: ya yi wakafi da ita, ko ya sayar ya bayar da kuɗin? Kuma a ƙarshen takardar ya ƙara wata magana da ta fi tambayar nauyi, ya ce har yanzu idan ya yaye tamfol ɗin zuciyarsa tana ja da baya.

To, mu fara da wannan ta ƙarshen. Ya ɗan'uwa, ja da bayan da zuciyarka take yi shi ne alamar ka dace da ƙofar. Aya ta 92 a cikin Suratu Ali Imrana ta rataya samun cikakken alheri ne a kan mutum ya ciyar daga abin da yake so, kuma abin da ake so ba ya fita daga hannu sai da zafi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (R.A.) cewa Abu Ɗalha ya fi kowa gonakin dabino cikin Ansar, kuma wadda ya fi so a cikinsu ita ce Bairuha, wadda take fuskantar masallaci, Manzon Allah (S.A.W.) yakan shiga ya sha ruwanta mai daɗi. Da ayar ta sauka, Abu Ɗalha bai tsaya lissafin wace gona ce ta fi ƙarancin amfani ba. Bairuha ɗin ya ɗauko ya miƙa. Manzon Allah (S.A.W.) ya yaba cinikin, sannan ya ba shi shawarar ya sanya ta cikin danginsa, ya kuwa raba ta, Hassanu ɗan Sabit da Ubayyu ɗan Ka'ab suna cikin waɗanda suka samu. Malaman tafsiri kuma sun kawo cewa Zaidu ɗan Harisa ya zo da wani doki da yake matuƙar so a dalilin wannan ayar. Doki kuwa a wancan zamani shi ne abin hawa na alfarma, ana sanin asalinsa, ana alfahari da gudunsa, ana hana kowa taɓa linzaminsa. Mas'alarka ke nan, ƙarfe kawai ya maye gurbin kofato.

Mu kuwa yau me muke yi? Sai mota ta gaji, inji yana shan mai kamar rami, bakanike ya ɗaga hannu, sannan a tuna da makarantar Islamiyya. A yi mata fenti, a rubuta sunan Alhaji da manyan baƙaƙe a gefe, a tara jama'a a miƙa makulli. Bayan wata biyu ka same ta a jikin katangar makaranta an ɗora ta kan duwatsu, awaki suna kwana a ƙarƙashinta, kwamiti kuwa yana bin iyayen yara karo-karon kuɗin gyara. Wannan ba sadaka ya kawo ba, nauyinsa ya sauke a wuyan marayu. Aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta yi hani ga nufin mummuna a wajen ciyarwa, irin wanda shi mai bayarwar ba zai karɓa ba sai ya runtse ido, kuma Tirmizi ya kawo cewa ta sauka ne game da masu rataye gwargwajen dabino a masallaci domin talakawan Suffa. Saboda haka mai wannan takarda ya riga da yawanmu, Allah Ya tabbatar da shi.

Watakila wasu a cikinmu suna mamaki, wace daraja ce ga tsohuwar mota mai ƙofa biyu? Bari mu ɗan yi bayani, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Irin wannan Supra kamfanin Toyota ya ƙera ta daga 1993 zuwa 2002, injinta mai silinda 6 ne, kuma ya yi suna wajen ƙarfi da jure wahala. Da aka daina ƙera ta sai masu sha'awa a Amurka da Turai da ƙasashen Larabawa suka shiga nemanta, masu kyau a cikinta kuma kullum raguwa suke yi, sai farashi ya tashi. A shekarar 2021 an sayar da wata guda ɗaya da aka taɓa yin fim da ita a kan dala 550,000 a wani gwanjo a Amurka. Ba muna cewa ta ɗan'uwanmu za ta kai ko kusa da haka ba, waccan sunan fim ne ya ɗaga ta. Abin da muke so a gane shi ne wannan kaya yana da kasuwa ta daban, wadda ba ita ce kasuwar da dillalanmu na bakin titi suka saba da ita ba, kuma za mu dawo kan wannan.

Su ma can sun san bayar da irin waɗannan motoci domin taimako. A watan Janairun 2019, a garin Scottsdale na jihar Arizona, kamfanin Toyota ya bayar da mota ta farko ta sabuwar Supra aka yi gwanjonta, aka saye ta dala miliyan 2.1, alhali kuwa farashinta a shago bai wuce kimanin dala 50,000 ba. Kuɗin aka raba wa ƙungiyar yaƙi da ciwon zuciya ta Amurka da wata gidauniya mai kula da sojojin da suka ji rauni. Kafin nan, a 2016, mota ta farko ta sabuwar Acura NSX ta kamfanin Honda ta tashi a kan dala miliyan 1.2, wani kaso na kuɗin ya tafi ga yara masu ciwon daji a ƙwaƙwalwa. Hikima kayan mumini ce, kuma akwai abin ɗauka a nan: ba su kai motar tsere ƙofar asibiti suka ajiye ba, sun kai ta inda masu sonta suke, suka mai da ita kuɗi, kuɗin suka mai da shi magani. Akwai kuma abin bari. Kamfani talla yake nema, mai bayarwa a can sau da yawa rangwamen haraji yake hange, wasu ƙungiyoyin kuma tikiti suke sayarwa a yi ƙuri'a wanda ya ci ya ɗauki motar. Wannan na ƙarshe caca ce tsantsa, ko da an rubuta sunan marayu a jikin tikitin, domin kowa ya zuba kuɗinsa ne yana fatan ya kwashe na sauran. Kada wani ya kawo mana wannan a nan da sunan dabarar tara kuɗi.

Kuma ba sai mun je Amurka neman wanda zai faɗakar da mu game da abin hawa ba. Mu da muke zaune a ƙasar Gwandu muna da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa. Wajen shekarar 1807, jihadi yana tsakiyarsa, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar barin ƙasar gaba ɗaya, saboda abin da ya gani na canjin niyyar mutane. A cikin littafinsa Tazyinul Waraƙat ya ambaci abubuwan da suka ɗauke hankalin jama'a, a ciki har da tufafin ƙawa da dawakin da ake sukuwa da su a cikin gari maimakon fagen fama. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, sannan ya dawo. Ku lura, Malam bai ƙi doki ba, ai a kan doki ya yi yaƙe-yaƙensa. Abin da ya ƙi shi ne dokin da ba ya yi wa kowa aiki sai idon masu kallo. Wannan kuwa ya yi daidai da hadisin da ya kasa doki kashi uku: wanda yake lada ga mai shi, da wanda yake sutura, da wanda yake zunubi saboda an ɗaure shi don alfahari da riya. Kowa ya koma gida ya dubi abin da ke garejinsa ya ga a wane kashi yake.

Yanzu sai ainihin tambayar. Shin ya halatta a yi wakafi, wato hubusi, da mota? Na'am, ya halatta. Asalin wakafi shi ne ƙasar da Sayyidina Umar (R.A.) ya samu a Khaibar, aka umurce shi ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Wannan ƙasa ce, ba ta motsi. Amma malamanmu na Malikiyya, tare da mafi yawan malamai, sun halatta hubusin abin da ake iya ɗauka, kamar dabba da makami da littafi, kuma daga hujjojinsu akwai shaidar da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa Khalid ɗan Walid cewa ya tsare sulkunansa da kayan yaƙinsa saboda Allah. Mota tana shiga nan ba tare da wata wahala ba.

Sai dai halatta daban, dacewa daban. Manufar wakafi ita ce amfani mai gudana. To, wane amfani ne zai gudana daga motar da cikinta yake kusan shafar ƙasa? Ku ɗauke ta a zuci ku bi da ita hanyar ƙauyukan da ke bayan Makera, ko cikin fadamar Zauro da damina, ko ƙauyukan Augie da Gulma bayan an yi ruwa kwana biyu. Kujerun bayanta ko yaro da ƙyar yake zama, balle a kwantar da mace mai naƙuda. Idan wani abu ya lalace a injinta, kayan gyaran sai an aiko daga wata ƙasa. Wanda ya yi wakafi da ita a yadda take, ya ɗaure wa kwamiti doki mai cin dawa ba ya noma. Ibnu Abi Zaid a cikin Risala, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, ya bayyana cewa dokin hubusi idan ya lalace ana sayar da shi a sa kuɗinsa a wani irinsa, saɓanin gida ko fili. Idan ana sayar da wanda amfaninsa ya yanke daga baya, ina dalilin ƙulla hubusi a kan wanda tun farko ba shi da amfani ga waɗanda aka yi dominsu?

Saboda haka abin da muke gani, kuma Allah ne Mafi sani, shi ne a sayar da ita. Kuɗin kuma a sayi abin da yake aiki a ƙasarmu, a yi wakafin da shi. Ita ma Hiace ko Hilux ai ƙirar Japan ce, kuma kowane bakanike a Birnin Kebbi da Argungu ya san cikinta. Mota guda da za ta tsaya a wani gari, da direba, da lambar waya da kowa ya sani, wadda za ta ɗauko mai naƙuda da tsakar dare ta kawo ta Asibitin Tunawa da Sir Yahaya kafin jini ya ƙare, wallahi ta fi mana motar tsere goma. Waɗanda suka taɓa leƙa cibiyar masu yoyon fitsari da ke Gesse sun san cewa yawancin matan nan doguwar naƙuda ce ta kai su can, doguwar naƙuda kuwa sau da yawa rashin abin hawa ne da nisan hanya. Mu kuma mutanen ruwa ne. Ba mu manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye shinkafar fadama ta yanke hanyoyi, ba mu kuma manta da jirgin da ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, ɗauke da mutane sama da 150, waɗanda suka tsira kaɗan ne. Jirgi mai inji mai lafiya da rigunan hana nutsewa a wani mashigi, shi ma wakafi ne. Kuma duk wanda aka zaɓa, a ware wani kaso na kuɗin a sa shi a abin da zai riƙa kawo na mai da na gyara, ko shago ne a bayar haya. Rijiya ta bayar, kada guga ya hana.

Amma kafin duk wannan akwai ƙofofin da sai an bi ta cikinsu. Idan akwai bashi a kanka wanda ya kewaye dukiyarka, masu bashi sun fi kowa haƙƙi a kan motar nan, kuma malamanmu ba su yarda da kyautar wanda bashi ya cinye ba. Idan iyalinka suna cikin ƙunci, ko akwai 'yar'uwarka da mijinta ya rasu tana fama da marayu, ka tuna inda aka umurci Abu Ɗalha ya kai Bairuha. Sa'annan ka gaggauta tun kana da lafiya. A mazhabarmu kyauta da sadaka da hubusi ba su cika sai da hiyaza, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar (R.A.) ya ba Nana A'isha (R.A.) kyautar dabino wasƙi 20 daga gonarsa, ba ta karɓa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya sanar da ita cewa yanzu ya zama dukiyar magada. Wannan 'yarsa ce, Uwar Muminai, amma hukunci bai canza ba. Don haka wanda ya tsaya a masallaci ya ce ya bayar da motarsa, sannan ya koma ya ci gaba da lulluɓe ta da tamfol, makulli yana aljihunsa, takardu suna durowarsa, idan ya mutu a haka magada ne za su raba, kuma ba su yi zalunci ba. Idan kuwa ya mai da ita wasiyya, ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda aka iyakance wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas. Mun sha ganin rigimar da irin wannan sakaci yake haifarwa tsakanin kwamitin masallaci da 'ya'yan mamaci, har ta kai gaban alƙali, zumunci ya lalace, ladan da ake nema ya koma gaba. A rubuta, a sa shaidu biyu, a miƙa makulli da takardun kwastan da na rajista a rana ɗaya.

Sai maganar sayarwa, kuma a nan ne muka fi jin tsoro. Daga ranar da motar ta fita hannunka, dukiyar talakawa ce, wanda aka wakilta ya sayar kuma amintacce ne da za a tambaya. Idan ya kai ta wurin dillalin da zai dube ta ya ce tsohuwar mota ce mai shan mai, ya yi mata kuɗin Golf, sannan wani mai wayo ya saye ya tura Legas ko Abuja ya ninka kuɗinsa sau da yawa, to, an ci amanar marasa lafiyar da ba su san ma ana yi ba. Wajibi ne a nemi wanda ya san wannan kasuwa, a ɗauki hotunanta da lambar jikinta da ta injinta, a kai labarinta inda masu nema suke, kuma yau da intanet wannan ba wuya. Gwanjo, wato a bar masu saye su yi ta ƙari, halal ne a wurin jumhurun malamai, Bukhari ma ya ƙulla masa babi. Abin da aka haramta shi ne najashu, a dasa wani ya riƙa ƙara kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don a ruɗi na gaske. Kada wani ya ce ai don marayu ne. Allah mai tsarki ne, ba Ya karɓar abin da aka samo da yaudara. La'adar dillali kuma a yanke ta tun farko a rubuce.

Akwai wata ƙofa da Shaiɗan zai zo maka ta cikinta, ya mai tambaya, gara mu faɗa maka tun yanzu. Wata rana za ka ga motar nan a hannun wanda bai san darajarta ba, ta yi ƙura, an ƙarce gefenta, ka ji labarin zai sayar da araha. Wannan ya faru da wanda ya fi mu. Sayyidina Umar (R.A.) ya bayar da doki saboda Allah, wanda aka ba ya wulakanta shi, Umar ya yi zaton zai sayar da rahusa, ya so ya saya. Da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) sai ya hana shi, ko da a dirhami ɗaya za a ba shi, kuma ya kamanta mai komawa ga sadakarsa da kare mai komawa ga amansa. Saboda haka kada ka shiga gwanjon, kada ka tura yaronka ya shiga a madadinka. Wanda ya fi tsira ma shi ne ka miƙa ta ga amintattu su sayar, kai kuma ka kau da kai.

Wani zai tambaya, shekarun da ta yi a ajiye akwai zakka a kanta? Idan don sha'awa da hawa ka ajiye ta, babu, domin hadisi ya tabbata cewa babu zakka a kan Musulmi cikin dokinsa na hawa. Idan kuwa tun ranar saye niyyarka kasuwanci ce, kana jiran farashi ya tashi, to, kai ne wanda Malikiyya suke kira muhtakir, za ka fitar da zakkar shekara ɗaya, 2.5 cikin 100, ranar da ka sayar ka karɓi kuɗi. Kai ka san niyyarka. Kuma zakka tana da masu ita guda takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙidaya, ba a sayen motar wakafi da ita a ce an sauke farilla.

Game da suna a jikin motar da za a saya, aya ta 271 ta Baƙara ta yaba bayyana sadaka, ta kuma fifita ɓoyewa. Tunda ka aiko takarda ba suna, muna ganin ka riga ka zaɓa. Abin da ya kamata a rubuta a jikinta shi ne cewa wakafi ce, ba ta sayarwa, da lambar wayar direba, da manyan baƙaƙen da tsohuwa za ta iya sa jikanta ya karanta mata.

Idan kana cikin wannan zama, ka samu ɗaya daga cikin limamanmu a keɓe bayan sallar Isha'i, ka zo da takardun motar da lissafin bashin da ke kanka in akwai, a zaɓi mutum uku amintattu, ɗayansu ya kasance ya san harkar mota. Sauran takardun tambayoyi da suka shafi gadon gonakin fadama mun ajiye su sai zama mai zuwa, in Allah Ya kai mu.